Bakan da Kare Ya Ƙwace Mini

Ba za ni taɓa mantawa da kakar farko da na yi ina manomi ba. Ko da ni na so in manta, mutanen garinmu Tsamaye ba su yarda ba, don labarin ya riga ya shiga bakin mahalba, su kuwa abin da ya shiga bakinsu 'ya'ya da jikoki ke gadonsa.

Zamanin Turawa ne, ina da ƙuruciyata da ƙarfina da kuma bakina (bakin nan shi ne babbar dukiyata, shi ne kuma ya fi komai jawo mini wahala). Ni asalina falke ne. Da jakai uku nake ɗaukar goro da yadin akoko daga Isa zuwa Maraɗi, in komo da kanwa da dabino. Da masu tsaron iyakar Faransa sunka matsa wa fatake, yau a kwance maka kaya gobe a shanya ka a rana, sai na ce na huta haka nan. Na auri Kulu, na rabu da jakai biyu, na je wurin mai gari ya yanka mini gona. Gonakin kusa da gari duk da masu su, saboda haka tawa ta faɗa can bakin daji, inda daga ni sai kurciya.

Gero bai yi mini ba, don na yi shuka a makare. Amma dawa, tubarkalla. Ta yi tsawo ta fi ni, kawunanta sunka sunkuyo don nauyi, har nakan tsaya ni kaɗai ina yi mata murmushi. Lokacin Kulu na da ciki wata bakwai, rumbunmu sabo fil babu ko ƙwaya a ciki. Dawar nan ita ce abincinmu har wata kakar, ita ce kuma tuwon suna. In ta salwanta, sai dai in ɗauki ƙwarya in nufi rumbun surukina, ni kuwa da wannan gara in koma bin jaki.

Sai birai sunka gano ta. Jajayen nan masu dogayen ƙafafu, waɗanda ke gudu ba su ko waiwaye. Su zo da hantsi, in rana ta yi sanyi su dawo. Ba cin ne ke ƙona mini rai ba, ɓarnar. Biri ya karya kan dawa, ya gatsa sau ɗaya, ya yar, ya karya wani. Akwai babbansu mai farin gashin baki, shi ba ya shiga gona sai an kammala, suri yake hawa yana duba hanya, sauran na aiki. Na sa masa suna Madugu, don na yi tafiya ƙarƙashin madugai da ba su kai shi iya tsara ayari ba. Na yi ihu har muryata ta dushe, na buga garwa, na yi jifa da hoge. In na kore su gabas su ɓullo yamma. Cikin kwana goma sun share mini kusurwa guda.

Duk wanda na kai wa kuka amsa ɗaya yake ba ni: biri ba ya tsoron mutum, abin da ke hannun mutum yake tsoro. Bindiga kuwa a lokacin sai mai takardar Bature, talaka in anka gan shi da ita dogarai ne za su raka shi Sakkwato. Ya rage sai baka.

To ga inda gizo ke saƙa. Duk ƙasar nan, daga Sabon Birni har Isa, in ana maganar sassaƙa baka mahaifin Kulu ake nufi. Shi ne sarkin bakan garinmu. Amma suruki ne. Tun da anka ɗaura aure ni da shi ba mu taɓa haɗa ido ba. In na hango shi kan hanya sai in tuɓe takalmi in ratse in durƙusa, shi kuma ya kau da kai ya amsa gaisuwa yana duban wata bishiya. Ba ƙiyayya ba ce ko kaɗan, kunya ce, haka munka tarar ana yi. To da wane baki za ni tsaya gabansa in ce ya koya mini? Akwai ƙanin Kulu, Arzika, shi ma mahalbi ne mai iyalinsa, amma shi abokin wasana ne, da ma "mai jakai" yake kirana. In na tambaye shi da safe, kafin la'asar an ji a kasuwar Gatawa. Sai na yanke shawara in yi abina ni kaɗai.

Ranar da na shigo gida da wani reshe a kafaɗa, Kulu na tankaɗe a tsakar gida. Ta dubi reshen ta dube ni.

"Malam, wanga icce na mi na?"

"Baka za ni yi."

"Da ɗanyen icce? Yanzu da raɓar ga? Malam, in kana so ni..."

Ban bari ta ƙarasa ba. Na ce, "Kulu, na taka Maraɗi ya fi a ƙirga, na ga Agadas da idona. Sanda da igiya ba za su gagare ni ba."

Ta ce, "To, Allah shi ba da sa'a," ta ci gaba da tankaɗenta. (Duk namijin da matarsa ta ce masa "to" da irin wannan sanyin, ya koma ya sake tunani. Ni ban sake ba.)

Na sha hango bakan surukina daga nesa rataye a kafaɗarsa, baƙi wuluk, yana sheƙi. Mu fatake idonmu kan fuskar kaya yake, saboda haka iyakar ilmina ke nan: baka baƙi ne, kuma yana sheƙi. Reshen dargaza na saro, wannan kam na dace, don na ji ana faɗi a hira. Sai dai ɗanye ne shar yana tsatsar ruwa, na kuma zaɓi mai kauri don a ganina kauri shi ne ƙarfi. Na ɓuya bayan rumbu na fere shi da wuƙa ciki da baya, duk inda na ga tudu in kwashe. Da na ga ya ƙi yin baƙi, sai na kankaro baƙin tukunya, na kwaɓa da kitsen akuya, na mulke shi daga sama har ƙasa. Wallahi ya yi kyau. Da a kasuwa ne da na sayar da shi kafin azahar.

Saura tsirkiya. Na san dai da fata ake yin ta, don haka ranar kasuwa na karɓo fatar akuyar da anka yanka da safen nan, na yanko tsiri mai tsawo, na murza, na shanya kwana biyu cikin inuwar rumbu don kada wani ya gani. Da ta fara wari sai na ƙara mata kitse. Kibau kuma na yanko kyauro a bakin gulbi. Ban je wurin maƙeri neman ƙarfen baki ba, don maƙerin abokin hirar surukina ne, sai na ɗaure ƙayar aduwa a bakin kowace da zaren rama. Kwana huɗu na gama komai, ina ta mamakin mutanen da ke kiran wannan abu sana'a.

Na gwada sau ɗaya da tsakar rana, fata ta bushe ta ɗan yi tauri. Kibiya ta yi taku goma ta maƙale a jikin zana. Na ce shi ke nan, Madugu kwananka ya ƙare. Don kada a gan ni ina ratsa gari da shi, da yamma na naɗe bakan cikin tabarma na kai gona na rataye a reshen aduwa. Nan ya kwana yana shan raɓa.

Abin da ban sani ba, Kulu ta je gidansu ta gaya wa innarta halin da dawa ke ciki, inna kuma ta gaya wa tsoho.

Washegari da hantsi ina tsugune cikin dawa, baka a hannu, Madugu na kan surinsa bai fi taku ashirin ba, yana rungume da kan dawata. Sai na ji motsi ta bayana. Ina waiwayawa na ga mahalba shida sun ɓullo daga hanyar gari, da warki da layu da kwari, karnuka na biye da su. Surukina na gaba, Arzika na bayansa.

Abin da ya kamata shi ne in ajiye abin hannuna in durƙusa. Amma sai shaiɗan ya raɗa mini cewa ga dama ta samu. In na kada babban birin nan gaban sarkin baka, an daina ce mini mai jakai har abada. Sai na miƙe tsaye don kowa ya gan ni sosai, na ɗora kibiya, har da ɗaga murya na ce, "Madugu, yau ayarinka ya watse."

Na ja tsirkiya. Ta biyo ni. Na ƙara ja, ta ƙara biyowa. Ashe raɓa ta mayar da ita ɗanyar fata sak, miƙewa kawai take yi kamar ƙullun alkaki. Hannuna ya wuce haɓa, ya wuce kunne, ban ji wani ƙarfi ba. Itacen kuma ya lanƙwashe ya yi zamansa a lanƙwashe, ga kitse ya sa tafina santsi. Da na rasa inda za ni ƙara ja, sai na saki. Kibiya ta yi ɗan tsalle ta faɗi a kwance gaban babban yatsan ƙafata, ko ƙasa ba ta soka ba.

Madugu ya dubi kibiyar, ya dube ni, ya ci gaba da cin dawarsa. Gumi ya keto mini, na sa hannu na share goshi da kumatu. (Ku tuna abin da ke hannun nan. Ni a lokacin ban tuna ba.)

Ina jin don su rufa mini asiri ne mahalban sunka saki karnuka su bi birai. Karnuka sunka taso a guje, babbansu wani ja mai suna Barsu, karen surukina, yana gaba. Sun zo daidai inda nake sai Barsu ya ja birki, ya ɗaga hanci, ya juyo. Sauran sunka juyo. Ga ƙanshin kitse, ga fatar akuya mai kwana huɗu, wane kare ne zai bar wannan ya bi biri? Kafin in ce kai, sun kewaye ni. Ɗaya na lasar hannuna, ɗaya na shinshinar rigata, Barsu kuwa ya cafke tsirkiya. Ni ja, shi ja. Ina cewa "cir, cir" a hankali don kada in ɗaga murya gaban suruki, shi yana gurnani yana turjewa. Can bakan ya suɓuce daga hannuna, na faɗi zaune daɓas cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, hulata ta yi nata wuri. Barsu, da yake kare ne mai tarbiyya, ya ja abin da ya kama har gaban ubangidansa, ya ajiye, sannan ya kwanta ya fara taunar tsirkiya.

Biran kuwa tuni sun kama gabansu. Ba ni sunka gani ba, bakunan gaskiya sunka hango.

Babu mai ikon dariya, don babba na tsaye kuma surukinsa ne a ƙasa. Arzika ya cusa bakin rigarsa cikin baki, idanunsa na hawaye. Wani dattijo cikinsu ya ɗaga kai yana nazarin gajimare. Ni kuwa na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Na gyara na durƙusa, fuska baƙa ƙirin, na gaida ƙasar da ke gabana, na ce, "Barka da hantsi."

Tsoho ya matso. Ya sunkuya ya ɗauki bakan, ya juya shi, ya shinshina, ya goge yatsunsa a ciyawa. Sannan ya ba ni baya, ya zauna kan wani kututture, ya kama kunnen karensa.

"Barsu," ya ce, "ba ni ganin laihinka. Wanda ya rataya nama ga icce shi ya kira kare. Amma tunda ka ci kayan mutane, sai ka kai musu saƙo."

Barsu ya kaɗa wutsiya.

"Ka gaya ma mai gonar ga, icce kam ya dace, dargaza ta. Amma ba a saran ta da ruwa cikinta. Da rani aka sara, a rataye ta madahi ta sha hayaƙi shekara guda. Baƙin da ya gani ga nawa, hayaƙi na da gumin hannu na shekara ashirin, ba gindin tukunya ba."

Wani daga cikin mahalban ya yi tari mai tsawo.

"Ka gaya mai ba a kai wuƙa bayan baka. Cikinai aka ragewa, kaɗan-kaɗan, ana ja ana dubawa. Tsirkiya kuwa busasshen kirgi na, a jiƙa shi, a murza, a rataya mai dutse shi kwana bakwai ga rana, har in an taɓa a ji shina kuka. Ka ji ko, Barsu?"

Ya saki kunnen kare. Kowa ya juyo yana dubana. Sai na gane jira ake yi. Babba ya yi magana, dole a amsa, ni kuwa ba ni da ikon amsa masa kai tsaye. Na duba hagu na duba dama, babu mai ceto. Sai na matsa kaɗan a durƙushe, na fuskanci karen nan da ke da sauran fatar akuya a bakinsa, na ce cikin ladabi, "Barsu, ka ce ma Baba na ji, na gode. Allah shi ƙara girma."

Nan Arzika ya zube ƙasa. Dattijon gajimare ya riƙe ciki ya jingina da aduwa. Karnuka sunka ruɗe sunka kama haushi. Na saci kallon surukina, har yanzu bayansa nake gani, amma kafaɗunsa rawa suke yi, layunsa na kaɗawa. Da na ga haka ni ma sai dariyar ta ƙwace mini, ina durƙushe ina yi hawaye na wanke baƙin tukunya.

Da anka lafa, tsoho ya share idonsa ya sake kama kunnen kare.

"Saura ɗaya, Barsu. Akwai icce biyu rataye madahin innar Kulu tun bara waccan, ɗaya ya ishe ni. Arzika da mutanenai su tsare gonar ga har a gama. Batun tsirkiya kuwa ba sai ya zo wurina ba. Wadda ke murza mini tawa tun tana 'yar shekara tara, shi na ba. Tun da anka kai ta gidanai ban sake samun tsirkiya mai daɗin hannu ba."

Ya tashi ya saɓa bakansa ya yi gaba. Wannan maganar ta fi faɗuwar shiga jikina. Wata goma ina kwana ɗaki ɗaya da gwanar, ina ɓuya bayan rumbu don kada ta ga gwanintata.

Na bi ta bayan gari na koma gida. Kulu na ganina ta ajiye muciya, ta ƙura mini ido, ta ce, "Malam, an samu nama?" Ta ɗebo ruwa a ƙwarya ta miƙo mini ta ce in leƙa kafin in wanke. Na leƙa na ga wani dodo yana kallona. Sai na zauna na ba ta labari tun daga farko, ban rage ko ɗaya ba. Da na zo wurin gaisuwar Barsu ta riƙe cikinta da hannu biyu tana cewa, "Don Allah Malam ka tsaya, kada ka sa in haihu yau." Na jira ta gama, sannan na ce ta yi haƙuri, na raina abin da ban sani ba, kuma ina roƙo ta koya mini. Ta ce da ma jira take yi in tambaya.

Da la'asar Arzika ya kawo itacen da kirgin gada, yana shigowa yana tambaya ko akwai saƙon da za a kai wa Barsu. Itacen siriri ne, bai kai rabin nawa ba, mara nauyi, in ka ƙwanƙwasa sai ya amsa. Kwana takwas munka yi muna aiki a tsakar gida, ba bayan rumbu ba. Kulu na zaune kan tabarma ta miƙe ƙafafu, ni ina kankare cikin itacen da wuƙa. In na yi kankara uku ta ce in tsaya in taka in ja ta gani. "Hannun sama ya fi tauri, rage nan. Ya isa. Malam, na ce ya isa." Ta jiƙa kirgi, ta zagaya shi da wuƙa ta fitar da tsiri ɗaya dogo ba yankewa, ta murza a cinyarta ni ina riƙe da ɗaya bakin. Munka rataya masa dutsen niƙa a reshen darbejiya, kullum da safe in je in taɓa in ji ko ya fara kuka. Ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar na kwanakin nan ba. Na je wurin maƙeri da ƙafata na karɓo bakin kibau, ya yi dariyarsa ya ƙoshi, ban mutu ba.

Ranar da munka ɗaura tsirkiya na ɗan fizge ta da yatsa, ta yi wani ƙara siriri mai daɗi. Kulu ta lumshe ido ta ce, "Yauwa, haka ta Baba ke yi."

Kada in yi muku ƙarya, ban taɓa kashe biri ba, ba a kakar nan ba, ba bayanta ba. Kibiyata ta farko dai ta tafi da ƙarfinta ta kafe a jikin suri, kamu ɗaya ƙasa da inda Madugu ke zaune. Ya yi tsalle ya dire, ya tsaya daga nesa ya yi mini wani dogon kallo, sannan ya kwashi jama'arsa. Daga ranar in sun hango ni da baka a kafaɗa sai su canza hanya. Munka girbe dawa, rumbu ya cika saura kaɗan ya kai wuya. Kulu ta sauka lafiya, ɗiya mace, anka tuƙa tuwon suna da dawar gonata, sauran mahalban nan biyar sunka ci har sunka nemi ƙari. Surukina bai shigo ba, amma ya aiko da cinyar barewa.

Yau na tsufa, ina da surukai nawa na kaina masu tuɓe mini takalmi a hanya, nakan kuma kau da kai in dubi bishiya yadda anka yi mini. Amma duk wanda ya auri ɗiyata nakan aika masa da magana ɗaya ta bakin innarta: abin da bai sani ba ya tambayi ta cikin ɗakinsa tun ƙofa na rufe. Ni da na ƙi, sai da na durƙusa wa kare gaban mutum shida.